Ganyen Taba da Tsiron Dawa

Ganyen taba da aka tsinko daga karansa da safe bai mutu ba tukuna. Yana nan da ransa, yana numfashi, yana cin guzurin da ya tara tun yana gona, kuma zai kai kwana biyu ko uku a haka muddin ba a bar shi ya bushe ba. A kan waɗannan 'yan kwanakin aka gina sana'ar gasa taba da zafin bututu gaba ɗayanta. Manomi yakan riƙe ganyen da rai cikin ɗumi da laima har ya juye daga kore zuwa ruwan ɗorawa, sannan ya ƙara wuta ya tsayar da shi cak a wannan launin. Ɗakin da murhun da bututun duk hidimar wannan tsayarwar suke yi. Ni dai ban ga abin da ya yi kama da wannan aiki a cikin gidajenmu kamar tsiron da mata ke yi don kunun zaƙi ba.

Mai kunu takan jiƙa dawa ta kwana a ruwa. Da safe ta tsane ta, ta baza a kan buhun algarara a wani lungun ɗaki da rana ba ta kaiwa, ta rufe da wani buhun mai danshi. Safe da yamma tana ɗaga buhun ta yayyafa ruwa, ta cusa hannu ta ji ɗumin. In ta ji ya yi zafi da yawa sai ta motsa ta ƙara bazawa, in ta ji saman ya fara bushewa sai ta ƙara ruwa. A kwana na biyu ko na uku ƙwayar ta tsage, farin baki ya leƙo, saiwoyi sun fara sarƙewa da zaren buhu. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka tauna, za ka ji garin cikinta ya yi laushi ya soma zaƙi. Ƙwayar tana narkar da sitacinta ne don ta ciyar da ɗan tsiron, saboda haka in aka ƙyale ta ta wuce lokaci, tsiron zai yi kore ya shanye zaƙin, a tashi da ɗaci da warin fumfuna. In kuma aka yi gaggawar shanyawa tun bakin bai fito ba, an dai jiƙa dawa an busar, ba za ta tsinka kunu ba. Ranar da ta ga ya kai, ba ta jiran gobe. Kwashewa take yi ta kai rana, ta baza shi sosai don ya bushe da wuri.

Kusan haka abin yake a cikin ganyen taba. Ganyen da ya nuna a gona cike yake da sitaci, ga ruwa da ya kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyinsa. Da an raba shi da kara sai ya koma cin abin da ke jikinsa: koren ya narke, rawayar da tun asali take ɓoye a ƙarƙashinsa ta bayyana, sitaci ya riƙa juyewa sukari. In aka bar shi a inuwa ya yi makonni yana bushewa a hankali, zai cinye sukarin kusan duka ya koma ruwan ƙasa. Irin wannan tabar aka fi sani a ƙasar Hausa, wadda ake dakawa da kanwa a yi gari, ko a cusa a lofe. Wadda aka gasa da bututu kuwa takan fito da sukari wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wani lokaci ma fiye, kuma launinta tsakanin na lemon tsami da ya nuna da na lemon zaƙi. Ita ake kira tabar Bajiniya, ko da a Tanzaniya ko Barazil aka noma ta.

Asalin dabarar daga Amurka ne, gundumar Kaswel a jihar Karolina ta Arewa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a 1839 wani bawa mai suna Stephen, maƙeri a gonar Abisha Slade, yana gadin wutar ɗakin taba da dare barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya tarar wuta ta kusa mutuwa, sai ya ruga ya kwaso gawayin maƙera ya zuba. Zafin da ya taso gaba ɗaya, busasshe kuma ba hayaƙi, ya kama ganyen a daidai lokacin da ya riga ya yi rawaya, aka sami taba mai haske irin wadda ba a saba gani ba. Sunan da ribar suka tafi ga iyalin Slade, kamar yadda aikin bawa ya saba tafiya. Bututun ƙarfe ya bazu ne daga baya, bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, kuma shi ya ba da damar ƙona itace a waje zafi kaɗai ya shiga ɗaki. A Nijeriya yankin Iseyin na jihar Oyo ne aka sani da wannan gashi. Manoman Arewa da suka noma wa kamfanin taba ganye, har aka kafa masana'anta a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, galibi busarwar iska suke yi.

In ana neman inda talaka ke gina ɗakin gashinsa da hannunsa a yau, Zimbabuwe ce. Tun bayan rabon filaye na shekarar 2000, ƙananan manoma ne suka mamaye noman taba a can, kuma a 2023 ƙasar ta sayar da kilo miliyan 296, mafi yawansa daga hannunsu. Ɗakin da suke ginawa ba shi da wani abin mamaki. Tubali ne da aka buga aka ƙona daga ƙasar gonar, faɗinsa kamar mita huɗu ko biyar kowane gefe, tsayinsa ya fi faɗinsa, an rufa da kwano ko ciyawa. Murhu yana gindin bango, bakinsa a waje. Daga murhun bututu ya ratsa daɓen ɗakin, ya karya kwana, ya dawo ya fita ta doguwar mafitar hayaƙi. Wani da langa-langa yake naɗe bututun, wani ya yanka tsofaffin gangunan mai, wani kuma ya jera tubali ya yi kwata ya rufe samanta da ƙarfe. A ƙasan bango akwai kafofin shigar iska, a can sama kusa da rufi akwai na fitarta, kowacce da abin toshewa. A ciki an gitta sanduna hawa-hawa har sama.

Abin da ya kamata mai ginin ya fi sa wa ido shi ne mahaɗar bututu. Duk inda aka haɗa biyu sai an liƙe da laka, kuma kafin kowane gashi sai an hura 'yar wuta a ɗaki babu kaya, a rufe ƙofa a duba ko hayaƙi na tsiyaya. Hayaƙi na ɓata ƙanshi da launi, amma ɓarnarsa ta wuce nan. Manoman Amurka sun yi shekaru suna ƙona iskar gas kai tsaye a cikin ɗakunan gashi, sai a ƙarshen shekarun 1990 bincike ya nuna iskar da wutar ke fitarwa tana haɗuwa da nikotin ta ƙara yawan wasu sinadarai masu jawo ciwon daji. Dole aka koma raba wuta da ganye kamar yadda magabata suka yi da bututunsu.

Gashi mai kyau daga gona yake farawa. Ganyen taba daga ƙasa yake nuna zuwa sama, don haka ba a sare karan gaba ɗaya. Biyu ko uku ake tsinka a kowane kara, a dawo bayan mako guda. Nunannen ganye korensa ya kwanta, jijiyar tsakiyarsa ta yi fari-fari, kuma in ka karya shi daga kara za ka ji ya ɓalle ƙas ba tare da ya ja zare ba. Mai kunu ba ta haɗa dawar da ta jiƙa jiya da ta yau a buhu ɗaya, don ɗaya za ta tsira ta wuce kafin ɗayar ta farka. Shi ma manomi ganyen da ya nuna tare yake tsinka, ya cika ɗaki a yini ɗaya. A inuwa ake zama a ɗaure su biyu-biyu ko uku-uku da zare a kan sanda, wannan gefe da wancan, a miƙa wa wanda ya hau sama yana jerawa. Kwaɗayin cusa kaya da yawa shi ne ɓarnar farko, don iska ba za ta sami hanya ba, na tsakiya ya ruɓe. Kuma masu tsinkar da safe cikin raɓa su kula da jikinsu. Nikotin na bin ruwan ganye ya shiga fata, mutum ya kama jiri da amai, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Wannan ba aikin yara ba ne.

An cika ɗaki, an ja ƙofa, an toshe kafofi. Matakin farko shi ne na buhu a rufe. Wuta 'yar kaɗan ake hurawa, zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 32 da 38 a ma'aunin Salsiyas, wato abin da bai kai zafin rana ta watan Afrilu a Sakkwato ba. Ganyen da kansa yake fitar da laimar da ke riƙe shi da rai, in ta gaza sai a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ƙasa. Kwana ɗaya da rabi zuwa biyu ake yi a nan, wani ganyen mai kauri na saman kara ya fi haka. Rawayar daga bakin ganye take farawa, ta bi gefe, ta nufo tsakiya. In ka buɗe ƙofa a wannan lokaci, iska mai nauyi ce za ta dake ka a fuska, da ƙanshi mai ɗan zaƙi, ganyen kuma in ka taɓa shi za ka ji shi da ɗumi da danƙo a yatsa. Wanda ya ƙosa ya ƙara wuta a nan ya kashe ganyen yana kore, kuma koren da ya bushe ba ya komawa. Hayaƙinsa ɗaci, farashinsa a kasuwa na ƙasa.

Mataki na biyu shi ne inda ake asara. Da rawaya ta rufe ganye, saura ɗan kore a jikin jijiya, sai a fara buɗe kafofi kaɗan-kaɗan ana ƙara wuta, kamar digiri ɗaya a awa. Abu biyu ake so a lokaci guda, kuma suna ja da juna. Ana so ganyen ya yi yaushi ya zubar da ruwa da sauri kafin ya cinye sukarinsa, ana kuma tsoron zafi ya riga ruwan fita. In zafi ya haura digiri 54 ko 55 alhali ganyen na ɗauke da ruwa da yawa, dahuwa zai yi, ya rine ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ba gyara. In aka ji tsoron wuta aka bar kafofi a toshe, ganyen zai yi gumi ya fito da dabbare-dabbaren toka. Shi ya sa gwanaye kan dakata a wajen digiri 43 zuwa 49 har sai sun ga ganye ya saki jiki, bakinsa ya fara naɗewa, kafin su haura zuwa 55 ko 57 su zauna a nan har fatar ganyen ta bushe. Daidai yake da ranar da mai kunu ta yanke shawarar kwashe tsironta. Ba wanda zai rubuta mata awa, don dawar bana ba ta bara ba ce, ɗumin damina kuma ba na hunturu ba ne. Haka ganyen gindin kara, siriri mai saurin juyawa, ba a bi da shi yadda ake bi da na sama.

Hannun da take cusawa ƙarƙashin buhu, shi manomi da ma'aunin zafi biyu yake maye gurbinsa, kuma ina ganin babu kayan aikin da ya fi wannan arha da amfani a duk ɗakin. A rataye su gefe da gefe daidai ganyen ƙasa. Ɗaya a bar shi haka, ɗayan a naɗe bakinsa da lagwanin fitila, a tsoma jelar lagwanin a 'yar kwalbar ruwa. Ruwan da ke tashi daga lagwani yana sanyaya ma'aunin, don haka in iska ta cika da laima su biyun kusan abu ɗaya za su nuna, in ta bushe sai tazara ta buɗe. Mai lagwanin shi ne ke faɗin zafin da ɗanyen ganye yake ji a jikinsa. A lokacin rawaya tazarar ba ta wuce digiri biyu ko makamancin haka. A lokacin busarwa busasshen ma'auni yana ta hawa, amma mai lagwani ana riƙe shi wajen 38 zuwa 41. Ya haura, a ƙara buɗe kafa. Ya faɗi, an buɗe da yawa ana ƙona itace a banza.

Mataki na uku na jijiya ne. Fata ta bushe, launi ya zauna, amma jijiyar tsakiya tana nan da ruwanta, in aka ɗaure ta haka za ta jawo fumfuna a cikin ƙunshi. Sai a rage kafofi a kai zafi wajen digiri 70, a zauna har jijiya ta karye ƙaras a hannu. In ya wuce 74 sukarin zai fara ƙonewa ganye ya yi ja. A nan ne kuma ake gobara: ɗaki cike da busasshen ganye, bututu ya yi zafi, ganye ɗaya ya faɗo a kai ya isa. Ragar waya da aka shimfiɗa saman bututu ta ceci gumin mutane da yawa. Gaba ɗaya aikin kwana shida ne zuwa bakwai, dare da rana, ana karɓa-karɓa a bakin murhu. In an kashe wuta ma ba a taɓa ganyen, don rugurgujewa zai yi. Sai an buɗe ƙofa ya sha laimar dare, ko a zuba ruwa a daɓe, har ya yi laushin da za a dunƙule shi a hannu ya buɗe bai karye ba.

A Amurka da Turai akwai masu shuka 'yan karare a bayan gida, su kuma da mataccen firji ko akwatin katako da aka yi wa rufin hana zafi fita suke yi. A sa tukunyar lantarki ko ƙaramar hita a ƙasa, da 'yar fanka mai juya iska, da na'urar da ke kashe wuta ta kunna in zafi ya kai inda aka saita, a huda kafa sama da ƙasa. Bututu ba ya cikin lissafi tunda lantarki ba ya hayaƙi, amma matakan nan uku suna nan yadda suke. Matsalarsu ta musamman ita ce ƙarancin kaya. Ganye kaɗan ba ya iya cika akwati da laimarsa, kamar dai tsiron da bai wuce cikin tafi ba, wanda kan bushe kafin ya tsage, don haka sai sun ajiye kwanon ruwa a ciki, in ba haka ba ya bushe yana kore. Robar cikin firji kuma ba don zafin digiri 70 aka yi ta ba, tana iya lanƙwashewa. A wurarenmu da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan hanya caca ce, don in zafi ya faɗi a tsakiyar busarwa ruwan jijiya zai koma cikin fata ya ɓata launin.

Kamannin nan yana da iyaka, kuma Hausawa sun riga sun ce taba ta bambanta da garin gero. Mai kunu a rana take busar da tsironta don ƙarfinsa na tsinka kunu ya rayu, shi ya sa ma take jira kunu ya ɗan huce kafin ta zuba, kada zafi ya kashe shi. Mai taba kashe irin wannan ƙarfin yake nema. Kuma zaƙin da ta samu abinci ne, nasa kuwa shi ne tushen bala'in. Hayaƙin tabar da ta bushe a inuwa yana da kaifi, yana shaƙe maƙogwaro, mai shan lofe yawanci a baki yake tsayar da shi. Sukarin tabar Bajiniya yana sassauta hayaƙin har a iya zuƙarsa zuwa cikin huhu ba tari. Da wannan ganye ya haɗu da injin naɗe sigari na James Bonsack, wanda kamfanin Duke ya fara aiki da shi a Durham a 1884, sai sigari ta cika duniya, ciwon dajin huhu ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Masu cewa tasu ta gida ce, ba a zuba mata komai ba, suna yaudarar kansu ne, don nikotin daga ganyen yake, kwaltar kuma daga ƙonewarsa.

Sai kuma itace. Wutar mako guda ba ƙaramin abu take ci ba, kuma ɗaki ɗaya sai an cika shi sau da yawa kafin kakar ta ƙare, tunda mako-mako ake tsinka. Kilo ɗaya na gasasshen ganye yakan lashe itacen da ya ninka shi sau da yawa, kuma a Zimbabuwe da Malawi da yankin Tabora na Tanzaniya, dajin da ke kusa da ƙauye ne ke biya. Tun 2015 gwamnatin Zimbabuwe take cire harajin dasa itatuwa daga kuɗin tabar manoma, ana kuma tura su ga shuka bishiyar turare. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne gyaran ginin kansa. Wani salon ɗaki da aka fara a Malawi, wanda ake kira roka, ya matse murhu, ya gyara jan iska, yana cin ƙananan rassa maimakon gungume, ya rage itace da kusan rabi, kuma da tubalin gida ake gina shi.

A nan nake ganin manomin Arewa yana da abin ɗauka, ko da bai taɓa shuka taba ba. Duk kaka muna ganin tumatir da tattasai a baje a gefen titi a yankin Kura da Kadawa, ƙura da hayaƙin mota da awaki suna bi ta kai, ga citta a Kachiya tana jiran rana. Ɗakin tubali mai murhu a waje da bututu a ciki, da ma'auni biyu da lagwani, zai busar da su cikin tsabta ko hadari ya haɗo. Su ba sa bukatar matakin rawaya da tsoronsa, zafin digiri 55 zuwa 60 da iska mai wucewa ya ishe su, kuma murhun da aka gyara zai iya cin totuwar masara ko ɓuntun shinkafa, waɗanda a yanzu ake tarawa a bayan injin casa ana cinna musu wuta.